Kafin Ki Tsayar da Saratu a Gaban Baƙi

Gwallaga, Bauchi
Alhamis da hantsi

Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin tashi lafiya a gidan Goggonki Rabi, ke da ita da maigidanta da yara. Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya tsare ki a hanyar Abuja ranar Lahadi, Ya sauke ki lafiya da jikinki da hankalinki. Wannan addu'a daga zuciyata ta fito, kada ki yi shakka. Abin da zai biyo bayanta ma daga can ya fito, sai dai shi da zafinsa.

Na ɗauki biro ne don baki ya ƙi mana. Tun ranar Talata da kika ja jakarki kika tafi gidan Goggonki a Shadawanka nake kiranki, ba kya ɗagawa, sai ki turo min "Umma ina aiki." To, madalla da aiki. Ita takarda ba za ki ce ta yi miki ihu ba, kuma ba za ki katse ta tana tsakiyar magana ba.

Bari in faɗi abin da na gani yadda na gan shi, don kada gobe ki ce na ƙara. Mutanen ƙungiyar da suka ɗauke ki aikin gwaji za su zo ranar Asabar su ga ajin da muke yi a zauren gidan nan bayan la'asar, ajin yaran da karatu ya yi wa gardama kuma iyayensu ba su da halin ɗauko musu malami. Kin gaya musu kina cikin masu riƙe ajin, kuma ba ƙarya kika yi ba, kin sha wahala da yaran nan tun da kika gama makaranta. Kin shirya tsayar da Saratu, 'yar Malam Garba na Miri, ta karanta musu shafi guda. Ranar Talata na dawo daga gaisuwar rasuwa na ji muryoyinku a ɗakinki, kina faɗa tana maimaitawa. Da na leƙa, sai na ga kin riƙe yatsanta kina jan shi a ƙarƙashin layi, kina cewa, "A hankali, kada yatsan ya riga bakin."

Yatsa kike koya wa tafiya, Nafisa. Yarinyar da sai a bana ta fara haɗa baƙi da wasali ba tare da ta yi kuka ba.

Na shiga, na rufe shafin da tafin hannuna, na bar kalma ɗaya a buɗe. Na ce, "Saratu, mene ne wannan?" Ko kallon takardar ba ta yi ba. Bakinki ta kalla.

Kin tuna abin da kika ce min bayan ta fita? "Umma, kowa fa haka yake yi. Mutanen nan ba zama za su yi ba, hoto za su ɗauka su wuce. In suka ga tana tuntuɓe a kan kowace kalma, cewa za su yi ba mu tsinana komai ba." Da na ɗaga murya, kika rufe da cewa, "Ke kin yi naki zamanin, ki bar ni in yi nawa."

Gaskiyarki, na yi nawa zamanin. Shi zan kwance miki yanzu, ki gani ko abin sha'awa ne.

Kin san yadda aka koyar da mu, kuma yadda muka koyar. Malama ta faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya har kwanon rufi yana karkarwa. Hedimasta in ya wuce ta taga ya ji ajinki ya fi na kowa ƙara, ya ce ke ce mai aiki. A cikin wannan amshi yaro zai iya ɓuya tun daga aji ɗaya har ya fita firamare, bakinsa yana motsi tare da na kowa, idonsa bai taɓa kama harafi ba. Ina sabuwar malama, a makarantar da ba zan kira sunanta ba, akwai wata yarinya a ajina, Binta, 'yar wani tela a nan Gwallaga. Allah Ya ba ta kunne. Ki karanta abu sau biyu a gabanta, ta ɗauke shi har da inda kika ja numfashi. Ga murya, ga rashin tsoro. Na san ba ta iya karatu ba. Kada ki ɗauka ban sani ba. Na taɓa kiranta ita kaɗai na nuna mata wata kalma, ta yi min murmushi ta faɗi wata daban. Na sani, na zaɓe ta duk da haka ta yi karatu ranar rabon kyaututtuka, don ina so a tambaya ajin wa take.

Ta yi, kuma ta yi kyau. Aka tafa. Babbar baƙuwa, wata jami'ar ilimi, abin ya burge ta har ta kira Binta kusa da ita, ta karɓi littafin ta buɗe gaba, ta ɗora yatsa ta ce, "'Yata, ƙara min nan." Binta ta waiga tana nemana. Na sunkuyar da kai. Sai ta gyara tsayuwa, ta ɗora nata yatsan a sabon shafin, ta fara zubo tsohon daga farko, da ƙarfi, a cikin lasifika. Matar ta dubi littafin, ta dubi yarinyar, dariya ta kuɓuce mata. Ba na jin mugunta ce, mamaki ne. Amma yaran da ke baya ba su tsaya tantance wannan ba. Kafin a tashi taro sun raɗa mata Binta Aku. Babanta, da ya ɗinka wa kansa sabuwar riga saboda ranar, ya taso ya kama hannunta suka fita ta tsakiyar mutane.

Hedimasta ya tare ni a baranda ya ce, "Malama, yaya haka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma yarinyar ta yaudare ni." Ashe Binta ta dawo ɗaukar takalminta, tana tsaye a bayana. Ba ta sake taka makarantar ba.

Na gamu da ita a asibiti bayan shekaru, da goyo a bayanta, ɗan yana ta zazzaɓi. Ta gane ni, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo min takardar magani ta ce, "Malama, don Allah duba min, yaya aka ce in riƙa ba shi? Na ji kunyar sake tambayar nas ɗin." Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Don haka ki ji. Duk inda aka ba ki aji, kada ki yarda da amshi. Ki kira yaro shi kaɗai, inda 'yan'uwansa ba sa ji, ki ba shi abin da bai taɓa jin an karanta ba. Abin da ya iya a nan shi ne abin da ya iya. Kuma kada ki taɓa sayen yabo da raunin yaro, don in abin ya watse ke za ki sami bakin kare kanki, shi ba shi da shi.

Na san amsarki. Za ki ce baƙinki ba za su juya shafi ba. To, mu ce ba su juya ba. Mu ce Saratu ta zubo haddarta tsaf, an tafa, an ɗauki hoto. Kin manta kin gayyaci babanta? Malam Garba manomi ne, da rani yake acaɓa, kuma kullum sai ya bar fasinja ya ɗauko ta daga Miri ya kawo ta nan, ya dawo ya ɗauke ta kafin magariba. Dangi sun sha ce masa ɓata mai yake yi a kan daƙiƙiya. Ya zauna ranar Asabar ya ji 'yarsa ta karanta shafi guda ba tuntuɓe, me kike tsammani zai yi? Zai gode wa Allah, ya gode miki, ya daina kawo ta. Ta warke ai, ga shi ya gani da idonsa. Ta koma ajinsu na Miri ta ci gaba da motsa baki, kuma yanzu ba ta isa ta ce wa kowa ba ta iya ba, don ta tona asirin kanta da naki. In an juya shafi ta zama abin dariya, in ba a juya ba ta rasa zauren nan. Ke kuwa kina mota ranar Lahadi. Na juya lissafin nan ta kowace fuska ban ga inda Saratu ta ci riba ba.

Labari na biyu ya fi wuyar rubutawa, don a cikin gidan nan aka yi shi, kuma kina ciki.

Yayanki. Kin ga ko a takarda hannuna ya ƙi rubuta sunansa. Kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunansa, ta hana ni ɗora shi a cinya a gaban mutane, amma ba ta taɓa hana ni dukansa ba. Haruffa suna juya masa. Abin da ya gane yau, gobe ya zama baƙo a wurinsa. Ni kuma malama, mai kabad cike da littattafai, wadda mata ke kawo wa 'ya'yansu. A ce ɗan Malama Zuwaira ne na ƙarshe a aji? Na ce taurin kai ne, na sa bulala. Kakarku ta ce baki ne, aka yi ta karɓo rubutu yana sha. Babanku, Allah Ya jiƙansa, ya ce in ƙyale yaron, na ce shi ya ɓata shi. Ba wanda ya zauna ya tambayi yaron me yake gani in ya kalli takarda. Sai da ya girma ya bar makaranta ya kama kafinta na ci karo da bayanin abin a littafi, cewa akwai yaran da hankalinsu garau yake, wasu ma sun fi na kusa da su kaifi, amma hanyar da ke tsakanin harafi da sautinsa ce take musu tsawo. Turawa suna da sunan da suke kiransa, kin fi ni iya furta shi. Na karanta shafin nan na rufe littafin, na rasa inda zan sa kaina.

Ga inda kika shigo. Ke tun kina ƙarama karatu ya zo miki kamar shan ruwa. Sai na mai da ke bulala ta biyu. In ya kasa, in kira ki: "Nafisa, zo ki nuna wa wannan ƙaton." Ki zo da gudu ki karanta, in tafa miki, shi yana tsugune yana kallon ƙasa. In baƙi sun zo, in tsayar da ke a tsakar gida ki karanta musu jarida. Ni na koya miki cewa karatu abu ne da ake yi a tsaye, a gaban mutane, don a tafa. Da na ga hannunki a kan yatsan Saratu, rabin fushin da na yi miki nawa ne, na gane aikin hannuna. Amma rabin kawai. Ke yanzu ba yarinya ba ce, kin karanta abin da ban karanta ba a shekarunki, kuma kin ga yayanki. Kin ga yadda yake gaishe ni daga bakin ƙofa, ya ajiye cefane ya juya. Kin san har yau saƙon murya yake turo mana, kuma in an miƙa masa takarda a taro sai ya ce ya manta tabarau, shi da ba ya sa tabarau.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: in yaro ya kasa, kada ki fara tambayar me za a ce da ke. Ki fara da shi. A duba idonsa, a duba kunnensa, ki tambaya ko ya karya kumallo, ki tambaya wane yare ake yi a gidansu. In duk wannan lafiya, to ki rage gudu. Farantin yashin nan da kike rainawa, da murafun kwalba masu haruffa, da tafa gaɓoɓin kalma, su suka kawo Saratu inda take. Kada ki auna yaro da ɗan'uwansa a gabansa. Kuma ki koyi jira. Ke ba ki iya shi ba, na lura da ke. Yaro na kokawa da kalma, kafin ya kai tsakiyarta kin ƙarasa masa, kina ganin taimako ne. Ƙwace ne. Ki danne harshenki ki bar shi ya iso da ƙafarsa, ko da shirun ya yi miki nauyi.

Akwai na uku, gajere ne. Lokacin da nake koyarwa a wajen gari, akwai Buba, ɗan wasu makiyaya da suka zauna kusa da makarantar. Hausarsa ma ba ta nuna ba, balle karatu. Nakan tsare shi bayan an tashi mu yi ɗan abin da ya samu, har ya fara sakin jiki. Sai aka yi min canjin wurin aiki. Na ji ba zan iya kallon fuskarsa in gaya masa ba, na tattara na tafi. Daga baya wata abokiyar aikina ta ce min ya daɗe yana zama a bakin ajin bayan an tashi, har ya gaji ya koma bin shanu. Na kira abin da na yi tausayi. Ragwanci ne. Yaran zauren nan an sha barinsu ba sallama. Kada ki fita daga garin nan sai kin zauna da su kin gaya musu za ki tafi, da dalili, da wanda zai ci gaba da su, kuma ba don sun kasa ba ne.

Game da mutanen da za ki yi wa aiki, ban ce maƙaryata ba ne, ban san su ba. Na dai ga irinsu da yawa. Su zo da allon talla da riguna masu tambari, a yi taro a otal a ci shinkafa, a rubuta rahoto da Turancin da ko su ba sa komawa su karanta. Akwai na kirki a cikinsu, kuma na kirkin sun gaji da a yi musu wasan kwaikwayo. In shugabarku ta san aikinta, yarinyar da ke tuntuɓe tana tashi za ta fi burge ta a kan wadda ke zuba kamar rediyo. In kuwa ba ta san bambancin ba, gara ki gane tun yanzu wa za ki yi wa aiki. Can za a ba ki malamai ki horar. Duk abin da kika yi ranar Asabar a kan yarinya ɗaya, shi za ki koya musu su yi a kan yaran da ba za ki taɓa sanin sunayensu ba.

Yanzu ki ji abin da ya faru jiya, ba kya nan.

Saratu ta zo. Ta ƙi taɓa farantin yashi. Ta koma lungu ta fuskanci bango tana ta maimaita shafinki a ƙasan maƙoshi. Na ce, "Ke, taso mu yi namu." Ta ce, "Malama, bari in ƙara, kar in manta." Na ce in ta manta sai me? Ta ɗago, idonta ya cika, ta ce, "Anti Nafisa ta ce aikinta yana hannuna. In na ɓata za a hana ta."

Nafisa. Yarinyar da ba ta gama ɗaukar nauyin kanta ba, kika ɗora mata naki. Wannan ko ni, a duk abin da na lissafa miki, ban yi shi ba.

Da babanta ya zo ɗaukarta na fita na same shi a kan babur. Na gaya masa gaskiya, cewa 'yarsa ta fara karanta gajerun kalmomi da kanta, a hankali, tana faɗuwa tana tashi, kuma da sauran tafiya mai tsawo. Ya kashe injin. Ya ce, "Malama, ita fa ta ce min ta iya shafi guda." Na ce hadda ce, kuma ba laifinta ba ne, mu manya muka sa ta. Ban kira sunanki ba. Ya goge fuska da hularsa, sannan ya ce, "Wato dai da kanta take karanta ƙananan? Ba wanda ya faɗa mata?" Na ce da kanta. Ya ce, "To ni wannan nake so in gani. Amma wallahi Malama, in aka yi mata dariya, ba za ta sake zuwa ba. Wadda aka yi mata a baya ta isa."

To ga inda muke. Ban soke zuwan baƙinki ba, ban kira kowa ba, zauren yana nan kuma zan share shi da hannuna. Ranar Asabar zan zauna kusa da Saratu. In kika miƙa mata shafin hadda, zan miƙe a gaban shugabarki in faɗi abin da yake, da bakina, kuma kin san zan iya. In kika rubuta mata sababbin layuka daidai ƙarfinta, waɗanda ba ta taɓa ji ba, kika fara gaya wa baƙin daga inda ta taso da abin da za su gani don kada wani ya yi mamaki har ya yi dariya, to zan kama bakina komai daɗewar da za ta yi a kan kalma, ke ma ki kama naki. Wataƙila ta kai ƙarshe, wataƙila ta tsaya a tsakiya. Wataƙila aikin ya tabbata, wataƙila a sallame ki bayan gwajin. Ba ni da tabbacin da zan ba ki, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa ba na tsoro ba. Ina so ki samu aikin nan fiye da yadda kike zato.

Amma kafin duk wannan, gobe Juma'a bayan la'asar za ta zo. Ki zo ki durƙusa daidai tsayinta, ki gaya mata aikinki ba ya hannunta, bai taɓa zama a hannunta ba. Na gaya mata, ba ta yarda da ni ba. Daga bakinki take jira.

Allah Ya shirya min ke, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin son a yaba miki. Ya haɗa ki da abokan aiki na gari a inda za ki, Ya sa yaran da za a damƙa miki su same ki mai haƙuri. Ki gaida Goggonki, ki ce mata na san ita ke ce miki ki bar ni in huce. Ban huce ba. Ki zo a hakan.

Mahaifiyarki,
Zuwaira